Asuwaki Mai Ƙafa Shida

Da sunan Wanda ya halicci kowane abu tun ba a san me za a kira shi ba, Wanda ya sa wa kara rai ya ce masa tashi ka yi tafiya. Bayan haka, ni ce Gwamma 'yar Tunau, wadda aka kora daga makaranta uku saboda bakinta, wadda ta ƙetare Gulbin Rabi da rabin suna, ta shiga Kurmin Marka ta fito da idanunta biyu. Mai saurare ya gyara zama. Mai ƙaryatawa ya jira in kai ƙarshe, don na ga abin da gaggawar ƙaryata mutum take jawowa.

A Birnin Kalmasa aka haife ni, can bayan duwatsun shuni. Kowane birni da abin da ya shahara da shi, wani rini, wani ƙira. Mu namu raɗin suna ne. A tsakiyar birnin akwai Zauren Sunaye, a tsakiyar zauren akwai Kundi, littafin da sai ƙarti huɗu sun taru suke juya shafinsa ɗaya. Duk halittar da ido ya taɓa gani tana ciki, da sunanta biyu cikin harshen mutanen farko, harshen da yau ko gishiri ba ka saye da shi. Na farko sunan gidan da halittar ta fito, na biyu nata na kanta, kuma sau da yawa sunan wanda ya fara kawo ta ake liƙa mata.

Malaman zauren ba sa ba abu suna sai an kawo shi matacce, an busar, an soke shi da allura jikin allo. Ƙwaro mai rai ba ya shiga. A bakin ƙofa akwai dogarai da kaskon hayaƙin farar wuta, duk kwandon da zai wuce sai sun turara shi. In kuma aka gano abu ɗaya ya sami suna sau biyu, tsohon suna ne ke haɗiye sabon. Sai dokar da ta ci gidanmu. Mu ma mutane kowa da takardarsa a zauren, da sunansa da na ubansa. Wanda ya ƙaryata rubutaccen suna ba shaida, nasa ake kankarewa. Kankararre ba a gaishe shi, ba a amsa masa, ba a sayar masa, ko ɗan cikinsa ba ya ce masa uffan. In ya cika shekara a haka sai a ƙone takardar, daga nan ko mutuwa ya yi ba mai ambatonsa a addu'a.

Babana mai kamun ƙwari ne. Shekara talatin yana shiga kurmi yana kawo wa malamai abin da za su soke. Yana saurayi ya kawo wani ƙwaro da ya girgiza zauren: ya fi tafin hannun ƙato tsawo, kaurinsa kamar babban yatsa, ba fiffike, in ya shiga cikin itacen girki sai ka hura wuta da shi ba ka sani ba. Aka raɗa masa Kardama Tunawi. Bayan shekara goma sha ɗaya wani ɗalibin zaure, Barmo, wanda ƙafarsa ba ta taɓa taka kurmi ba, ya tsinci wani matacce cikin kayan fatake, siriri kamar tsinken tsintsiya, da jajayen fikafikai. Ya ce wannan ba dangin wancan ba ne. Ya gina masa gida sabo, ya kira shi Zilfara Barmawi. Da wannan suna ɗaya tak ya yi ta hawa har ya zama Magajin Kundi, don ba mai zama wannan kujera sai wanda sunansa ke tsaye jikin wata halitta.

Ni kuwa Allah ya yi ni da kunnen da ba ya mantuwa da harshen da ba ya zama wuri ɗaya. Murya in na ji ta sau ɗaya ta zama tawa. Ina 'yar shekara bakwai na tashi makaranta da muryar malaminmu, shi yana ban ɗaki bai san an watse ba.

Wata rana muna cin tuwo, sai Baba ya yi dariya shi kaɗai.

"Baba, a ba mu mu sha mana," na ce.

"Ƙwaron Barmo nake tunawa. Gwamma, mijin ƙwarona ne. Da idona na gan shi a bayanta, ya fi wata bai sauka ba. Abu ɗaya ne, mata da miji." Ya ɗaga yatsa mai miya. "Amma ki kama bakinki. In wannan ta fita, sunansa ya nutse ƙarƙashin nawa, kujerarsa ta bi shi."

Na kama bakina har kwana biyu. A na uku ina bakin rijiya, mata sun taru, shaiɗan ya zauna mini a harshe. Barmo yana da wata ɗabi'a, yakan yi gyaran murya sau biyu, ya shafi gemu, ya yi magana ta hanci kamar mai mura. Na hau kan dutse, na shafi gemun da ba ni da shi.

"Ehem, ehem. Mu Barmo, Magajin Kundi, bayan dogon nazari mun raba auren ƙwaro. Mijin mun ba shi gida, matar mun ba ta gida, duk wanda ya gan su tare idonsa ne ya yi ƙarya."

Aka yi ta dariya har gugar wata ta faɗa rijiya. Ban lura ƙanwar Barmo tana bayana da tulu ba.

Kafin la'asar dogarai suka tasa mu gaba, ni da Baba. Malamai arba'in sun zauna. Al'adarsu ce ba a buɗe Kundi da bakin da ba a goge ba, don haka wata tsohuwa mai ɗingishi, Iya Dudu, ta shigo da faifan asuwaki. Shi kaɗai ne kayan da ba a turarawa, don hayaƙi yana ɓata ɗanɗanonsa. Barmo ne ke fara zaɓa, kuma kullum mafi kauri yake ɗauka. Ya tauna, ya tofar, ya dubi Baba.

"Tunau, kai ka faɗa, ko ja'irar 'yarka ce ta ƙirƙira?"

Da Baba ya ce ni ce, bulala goma za a yi mini a wuce wurin. Ina ta yi masa ido.

"Ni na faɗa, ranka ya daɗe. Kuma haka ne."

"Ina shaidarka?"

"Tana kurmi tana cin ganye."

"Shaidar da ke cin ganye ba ta shiga nan. Malam Dangana, karanta masa."

Dangana shi ne alƙalin zauren, tsoho mai fuska kamar busasshiyar kuka, wanda kowa ya san shekara ashirin yana haɗiyar yawu a kan kujerar Barmo. Ya karanta dokar ba tausayi, ya zaro 'yar wuƙa, ya kankare sunan Baba. Duk muryar duniya ina iya yi, amma ƙarar wuƙar nan a kan takarda ban taɓa gwadawa ba.

Baba ya koma zama gindin wata tsamiya a ƙofar zauren. Abokansa na shekara talatin suna wucewa su kau da kai. Nakan ajiye masa abinci yadda ake ajiye wa kyanwa, ba sallama. Da fari yakan yi wa mutane magana ko ba a amsa ba. Daga baya ya koma yi wa kansa. A wata na shida ya daina gaba ɗaya, ya zauna yana kallon ƙasa, ya rame har rigarsa ta koma kamar an rataye ta a kan sanda. A gida nakan yi wa kaina faɗa da muryarsa don kada gidan ya manta da ita. Ranar da na ga tururuwa suna cin tuwonsa yana kallo, na ɗaura ɗan ƙunshina na fita ta ƙofar kudu. Saura wata shida a ƙone takardarsa.

Na bi ta ƙasar da duwatsu ke gumi da rana, na bi ta garin da ake gaisawa da juya baya, har na iso Gulbin Rabi. Masu fiton wurin suna duba takardar shaidar matafiyi. Mai cikakken suna a ƙetarar da shi. Mai rabin suna, rabin ruwa ake kai shi. Tawa kuwa an goge sunan uba, Gwamma kaɗai ta rage.

Shugabansu wani ƙato ne, Mati, wuyansa kamar turmi. Kwana uku na yi a bakin gulbin ina nazarinsa, na ga ba ya tsoron kada, ba ya tsoron igiyar ruwa, amma in uwarsa mai suyar kifi ta ɗaga murya sai sandar tuƙi ta nemi suɓuce masa. Na jira safiyar da tururi ya rufe ruwa, na shiga jirginsa. Ya dubi takardata ya yi murmushin mugunta.

Da muka kai tsakiya ya kafa sanda. Kadoji suka ɗago hanci.

"Ke, nan kuɗin sunanki ya ƙare. Sauka."

Na rufe fuska da mayafi kamar mai kuka, na jefa murya can baya, cikin tururi.

"Mati! Kai Mati, ragon banza! In ka jefa 'yar mutane a ruwa ban yafe maka nonon da ka sha ba!"

Ya waiwaya a firgice. "Inna, ai doka ce!"

"Dokar ce ta haife ka? Ita ta goya ka kana zawo wata uku? Tuƙa, ko in shigo ruwan nan in same ka!"

Ban taɓa ganin jirgi ya yi gudu haka ba. Da ƙafata ta taka ƙasa ya kamata in wuce salin-alin. Amma hali zanen dutse. Na juyo, na dube shi ido cikin ido, na ce da muryar tsohuwar, "Allah ya yi maka albarka, ɗan Inna." Sandar da ya wurgo ta wuce ta gefen kunnena, har yau in za a yi ruwa ina jin iskarta.

Kurmin Marka wuri ne da ruwan sama ba ya ɗaukewa sai dai ya huta. Itatuwansa sun haɗe kai har rana sai ta roƙi hanya. Mutanensa a sama suke zaune, kan dakalan da suka ɗaure tsakanin rassa. Ban kai ga ganinsu ba igiya ta zarge ƙafata, na tsinci kaina a rataye, kai ƙasa, zanena yana neman tona mini asiri.

"Ga wata mai allura!" aka yi ihu daga sama. Ɓawon 'ya'yan itace ya fara sauka a kaina.

Wata mata ta sauko, doguwa, da tabon ƙuna daga kafaɗa har wuyan hannu. Ita ce Shekara, mai kula da itatuwan wurin. Ta zazzage ƙunshina tana neman allura da farar wuta.

"Inna, ba ni da ko ɗaya. Ƙwaro biyu nake so, da ransu."

"Ba ni na haife ki ba, kar ki ƙara ce mini Inna. Kin ga hannun nan? Mutanenku ne. Suka kunna hayaƙi gindin itace don su ɗauki ƙwaro ɗaya, dubu suka zubo matattu, itacen ya kama, ɗakina yana kai." Ta yanke igiyar, na faɗo tim. Ta nuna wani itace mai duhun ganye. "Kun ce kun san su, har kun rubuta su. Arba'in ne a kan wannan. Nuna mini ɗaya kafin rana ta take. In kin kasa, mu mayar da ke gulbi, ba jirgi."

Na duba har idona ya yi ruwa. Na kama wani tsinke, tsinke ne. Na kama wani, ƙaya ta soke ni. Duk kamun da na yi sai a fashe da dariya daga sama.

"Ki tambaye shi sunansa, ƙila ya amsa!"

"A kawo mata allo, ba ta gane su sai sun mutu!"

Inuwa tana ta tsukewa. Na zauna a ƙasa, na ce wa kaina: Gwamma, abin nan ɗan sana'arku ne, kwaikwayo yake ci da shi. Ke a ina ake kama ki? Sai na tuna. Ba a taɓa kama ni ina tsakiyar kwaikwayo ba. Kullum a ƙarshe ne, in wanda nake kwaikwaya ya yi shiru ni ban ankara ba na ɗan zarce. Na daina neman ƙwaro, na koma jiran iska. Ta taso, rassa suka yi ta rangaji. Ta kwanta, rassa suka tsaya. Amma ga wani kara can bai ji labari ba, ya ƙara lilo sau ɗaya, sau biyu, sannan ya daskare.

"Ga ɗaya," na ce. Iska ta sake tasowa ta kwanta. "Ga biyu. Ga na uku a ƙarƙashin ganyen can, har da wani a bayansa."

Dariyar sama ta mutu. Shekara ba ta ji daɗi ba, ba ta kuma ɓoye ba.

"Ido gare ki. Ido ba hali ba ne. Na bar miki ranki, kama hanya."

Na ba ta labarin Baba, ta ce duk mai allura da nasa labarin. Da na rasa abin yi sai na buɗe baki na yi muryarsa, da ɗan tarin nan nasa, ina faɗin abin da yakan faɗa in zan taɓa kayan aikinsa: "A hankali, a hankali, ba a kama mai ƙafa shida ta ƙafa."

Shekara ta tsaya cak. "Mai tarin nan? Wanda yakan wuni zaune a ruwa bai kunna hayaƙi ba? Shi suka rufe wa baki?" Ta yi tsaki mai tsawo. "Shi ma ya ɗauki namu ya kai an soke. Amma ɗaya-ɗaya yake ɗauka, kuma yakan nemi izini."

Tsawon wata guda Shekara ta riƙe ni tana koya mini da zagi. Ta nuna mini ganyen da suke ci, da yadda ake sa reshe cikin gora mai ruwa don kada ya bushe. Ta nuna mini ƙwansu, kamar irin shuka, har tururuwa kan ɗauka su kai rami. Ta ce in rana ta yi sukan miƙe ƙafafu su manne su a jiki su wuni ba motsi. Ta kuma ja mini kunne da gaske, har ya yi ja: "Kar ki matse macen a wuya. Tana fesa wani farin ruwa, in ya shiga ido sai kin yi kwana bakwai kina kiran uwarki."

Na tambaye ta me suke kiransu.

"'Yan shiru. Macen da namijin duka. Ba mu taɓa rubutawa ba, bai kuma ɓace ba."

Ranar tafiya ta ba ni mace ƙatuwa da namiji manne a bayanta. Ta sa na dafa itacen na rantse zan dawo da su da rai. Ta raka ni wata gadar igiya can sama da mashigin Mati, ta juya ba sallama.

Na iso Kalmasa da hantsin ranar da za a ƙone takardar. Baba yana gindin tsamiya, na wuce shi ban duba sau biyu ba. Na bi bayan gidan Iya Dudu, na leƙa ta katanga na yi muryar maƙwabciyarta: "Iya! Akuyarki ta shiga lambun sarkin dogarai, ga shi can yana wasa wuƙa!" Tsohuwa ta fita tana salati, ɗingishin ma ta manta da shi. Na ɗauki faifanta da tsohon mayafinta. Na kwantar da 'yan shiru a kan asuwakin, can sama. Macen ta miƙe ƙafafu ta zama kara. Ita ce mafi kauri a faifan.

"Iya, yau kin makara," in ji dogarin ƙofa.

"Uwarka ma in ta kai shekaruna ta makara," na ce da muryar Dudu, ina jan ƙafa. Suka yi dariya, suka kau da kaskon hayaƙi.

Malamai arba'in sun zauna. An buɗe Kundi, an hura garwashi a kasko, takardar Baba tana hannun Dangana. Na durƙusa gaban Barmo na ɗaga faifai. Ya miƙo hannu. Mutumin da ya shekara ashirin yana koyar da darasin ƙwarin nan, wanda ya san adadin gaɓoɓin ƙafarsu da ka, ya ɗauki macen ya juya ta a hannu.

"Dudu, kin tsufa. Ko ɗan reshen nan ba ki iya cirewa?"

Ya matse ta a wuya don ya ɓalle reshen, ya kawo ta kusa da fuska.

Ihun da ya yi sai da tattabarun soro suka tashi. Ya yar da ita, ya dafe ido. Ta faɗa kan buɗaɗɗen shafin Kundi. Sai asuwaki ya fitar da ƙafa ɗaya, ya fitar da ta biyu, har shida, ya miƙe ya fara tafiya a kan rubutu yana rangaji. Ɗan reshen bayansa ya buɗe jajayen fikafikai, amma bai tashi ba, don a haɗe suke, haɗuwar da ko makaho ya shafa ya san ta miji da mata ce.

Malamai uku suka haye benci. Wani ya ce aljani ne.

Na yar da mayafi, na yi magana da muryata, wadda na daɗe ban yi amfani da ita ba. "Allah ya gafarta malamai. Ga shaidar da ke cin ganye, ta zo da ƙafarta."

Idon Dangana ya yi wani ƙyalli da ba na tausayi ba. Ya sa aka ɗauko alluna biyu, na Kardama Tunawi da na Zilfara Barmawi, aka jera kusa da masu rai. Ya sunkuya yana ƙirga gaɓoɓi, yana duba jijiyar fiffike, yana jan lokaci don daɗin abin ya daɗe masa.

"Mai rai ba shaida ba ne!" Barmo yana ihu, hawaye na zuba ta ido ɗaya. "Doka ta ce sai matacce!"

"Don a raɗa suna, ranka ya daɗe," in ji Dangana a sanyaye. "Waɗannan an riga an raɗa musu, har sau biyu. Mu arba'in mun gani. Tsohon suna ya haɗiye sabo." Ya juyo kaina. "Ke kuma marar kunya, miƙo su a soke a ajiye."

Na tuna hannun Shekara da itacen da na dafa. Na ce to, na matsa kamar zan ɗauko su, na kifar da faifan gaba ɗaya a kan shafin. Asuwaki ya watsu ko'ina, kan Kundi, ƙarƙashin benci, cikin takalman malamai.

"Suna ciki. Ku da kuka san su, ku zaɓa ku soke."

Na rantse da Wanda ya yi ni, na ga manyan malamai a durƙushe suna caka wa itace allura suna jiran ya motsa. Su kuwa 'yan shiru tuni sun hau hannuna sun shige cikin gyalena.

Dangana ya gaji, ga kujera tana kiransa. Ya tsoma alƙalami ya mayar da sunan Baba a kan takardarsa. Amma da sauran abu. Suna ba ya komawa sai sanƙira ya kira mai shi sau uku a bainar jama'a ya amsa da bakinsa. In bai amsa ba, takarda ta shiga wuta.

Barmo ya ɗago da jan idonsa. "Ku ɗaure wa shegiyar baki. Ita za ta amsa masa."

Gaskiyarsa, abin da na shirya ke nan. Suka naɗe mini baki da rawani har ina shaƙewa, aka fita gindin tsamiya, gari ya taru, dogari yana riƙe da kaskon garwashi.

"Tunau ɗan Nomau!" sanƙira ya kira.

Baba yana kallon ƙasa. Wata shida rabonsa da magana, shekara guda rabonsa da jin wannan suna. Ko gezau.

"Tunau ɗan Nomau!"

Leɓensa bai motsa ba. Barmo ya fara murmushi. Dangana ya ɗaga kafaɗa, shi ya riga ya sami abin da yake so, ya matsar da takardar kusa da wuta.

Baki a ɗaure, amma hannu a sake. Na durƙusa gaban Baba, na zaro macen daga gyale. Na kama ta da yatsa biyu ta ƙafar baya, na ɗaga ta tana reto a daidai idonsa, mijin yana fuffuka a bayanta. Na ɗan girgiza ta.

Idonsa ya bi ta. Girarsa ta haɗe. Ya yi tari, irin na ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Ke Gwamma! Sake mata ƙafa, ja'ira, za ki ɓalle ta! Sau nawa zan gaya miki?" Ya tallabe ta a tafin hannu biyu, yana hura mata iska a hankali.

"Tunau ɗan Nomau!" sanƙira ya kira na uku.

"Na'am, na'am, na ji," in ji Baba, bai ko ɗago ba. "Ku rage murya, kuna firgita ta."

Haka aka yi. Zilfara Barmawi yana nan a Kundi, an rubuta shi da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin Kardama Tunawi, mai shi kuma ya koma benci na baya. Hukuncin farko da Dangana ya yanke a kan sabuwar kujerarsa shi ne kada in ƙara taka zauren har abada, kuma daga ranar a riƙa turara asuwaki. Na ji an ce har yau malaman Kalmasa da ɗacin farar wuta a baki suke karanta sunaye.

Kwana uku na zauna, Baba ya ci tuwo, ya yi mini faɗan shekara guda a dunƙule. A na huɗu na sa sabon reshe a gora, na kama hanyar kudu, don akwai mai tabon hannu da ke ƙirga kwanaki. Wanda ya ji wannan ya yarda, Allah ya tsare masa sunansa. Wanda bai yarda ba, ba na jayayya da shi, sai dai gobe da safe ya dubi asuwakinsa da kyau kafin ya kai baki.